Soso a ƙarƙashin fata ko ɓarɓashin da zai gangara kaluluwa: wanne ya fi wa rigakafin sankara?

Uwani ta rubuta:

Assalamu alaikum. Malamai, ina neman haske a kan allurar rigakafin sankara, irin wadda ake yi wa wanda ciwon ya riga ya kama, ba irin ta HPV da aka fara yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 a Najeriya a 2023 ba.

Abin da na fahimta shi ne, dabarar duka ta tsaya a kan sada ƙwayoyin dendiritik, masu gadi na garkuwar jiki, da antijin ɗin ciwon, wato alamar da garkuwa ke gane shi da ita, su ɗauke shi zuwa kaluluwa, su nuna wa ƙwayoyin T masu alamar CD8, sojojin garkuwa masu kashe ƙwayoyin ciwo, su kuma su bazama farautar ciwon. Hanya biyu nake gani a wajen masu ƙera kayan da ke ɗaukar maganin. Wasu suna dasa wani abu mai huhuji kamar soso a ƙarƙashin fata, ya zauna yana kiran ƙwayoyin dendiritik. Wasu kuma suna yin ɓarɓashi ƙanana ƙwarai da zai bi ruwan limf ya isa kaluluwa da kansa.

Ga inda kaina ya ɗaure. In ajiye antijin wuri ɗaya na tsawon lokaci abu ne mai amfani, me ya sa ake cewa man Montanide, wanda ake cakuɗa antijin da shi a yi allura, yana halaka ƙwayoyin T? Ai shi ma ajiyar ce. Sannan ga wanda zai fara gwaji a ɓeraye da kayan aiki daidai gwargwado, wace hanya ta fi, kuma ina aka fi yin tuntuɓe?

Malam Sale ya rubuta:

Wa alaikumus salam, Malama Uwani. Maganar Montanide ita ce gindin al'amarin, bari in fara da ita.

A 2013 ƙungiyar Willem Overwijk ta cibiyar MD Anderson da ke Texas ta bi sawun ƙwayoyin T a ɓerayen da aka yi wa allurar gajeren feftayid, wato guntun furotin, na gp100, antijin ɗin sankarar fata ta melanoma, cikin irin wannan man. Man ma'adinai ne, jiki ba ya iya narkar da shi, sai ya yi ta zama yana tsiyayar da antijin. Ƙwayoyin T da aka tayar, maimakon su nufi ƙullutun sankarar, sai suka riƙa tururuwa zuwa inda aka yi allurar, don a nan antijin ya fi yawa. A can suka galabaita, suka mutu ta hanyar Fas da FasL, siginar da ke sa ƙwaya ta kashe kanta. Da aka zuba wannan feftayid ɗin a ruwan gishiri, aka haɗa da sinadaran zaburarwa, sai ƙwayoyin T suka koma neman ciwon.

Laifi biyu ne a nan. Na farko, ajiyar ba ta ƙarewa. Na biyu, feftayid mai amino asid 8 zuwa 10 yana hawa kan MHC na ɗaya, furotin da ƙwaya ke nuna antijin a kansa, na kowace ƙwaya kai tsaye, har ƙwayoyin fata da ba su da CD80 da CD86. Ƙwayar T kuwa in ta ga antijin ba tare da wannan sigina ta biyu ba, sanyi take yi. Shi ya sa ake amfani da dogon feftayid mai amino asid 25 zuwa 35, wanda sai ƙwayar dendiritik ta haɗiye shi ta daddatsa kafin a iya nuna shi.

Soson da ɗakin binciken David Mooney na Harvard ya fitar a 2009 ya sha bamban da wannan. Yana narkewa, huhujinsa a buɗe suke suna haɗe da juna yadda ƙwayoyi za su shiga su fita, kuma alamar haɗari tana tare da antijin a wuri guda. Ga yadda ake yin sa. Ana fara cusa GM-CSF, furotin da ke kiran ƙwayoyin dendiritik, cikin ƙananan ƙwallayen folimar PLG, wata irin roba da jiki ke narkarwa, mai kason laktik da gilaikolik asid 85 da 15. Sai a gauraya su da busasshen ruwan ƙwayoyin sankara da aka farfasa, da CpG, guntun DNA da ke zama alamar haɗarin, da aka dunƙule da folimar PEI, da gishiri ko sukari da aka tankaɗe zuwa maikiromita 250 zuwa 425. A danne a mazubi ya zama faifai kamar ƙwayar asfirin, a sa shi cikin iskar kabon dayoksaid mai matsin psi 800, sannan a saki matsin da sauri. Folimar sai ta kumbura ta manne da juna. Daga nan a jiƙa a ruwa gishirin ya narke, gurbinsa ya zama huhuji. Ki lura, wannan jiƙon yana wanke wani ɓangare na antijin da CpG, don haka abin da kika zuba ba shi ne abin da ya rage ba. Dole ki auna bayan jiƙo.

Awon da ya yi aiki a ɓeraye shi ne nanogiram 3,000 na GM-CSF da maikirogiram 100 na CpG. Da shi kashi 90 cikin 100 na ɓerayen da aka yi wa rigakafi kafin a dasa musu melanoma B16-F10 suka rayu. Da aka kai GM-CSF nanogiram 7,000, ƙwayoyin dendiritik sun taru da yawa amma sun maƙale cikin soson, ba su tafi kaluluwa yadda ake so ba, domin yawan sinadarin yana danne CCR7, wanda shi ne ke ja musu gora zuwa can. GM-CSF sanƙira ne kawai, ya iya tara jama'a, bai iya sallamarsu ba. CpG ne ke sallama, ta hanyar taɓa TLR9, furotin da ƙwayar ke jin alamar haɗari da shi. Kuma an daɗe da sanin cewa GM-CSF mai yawa yana haifar da ƙwayoyin miyeloyid masu danne garkuwa, wato ya koma taimakon ciwon.

Da yake dasa faifai sai an tsaga fata, an fito da waɗanda ake yi da allura. Akwai sandunan silika masu ƙananan ramuka, tsawonsu wajen maikiromita 88, kaurinsu 4.5. Ana narka miligiram 5 a ruwan gishiri a tsira da allura mai lamba 18, su tsibu barkatai a ƙarƙashin fata su bar sarari tsakaninsu, cikin 'yan makonni su narke. A 2018 an shafa musu PEI aka ɗora feftayid na E7 na HPV, suka kawar da manyan ƙullutai na sankarar gwaji ta TC-1 a kusan kashi 80 cikin 100 na ɓeraye. Akwai kuma jel ɗin aljinet da ake daskarar da shi a digiri 20 ƙasa da sifiri yayin da yake haɗuwa, ƙanƙarar ce ke barin huhuji in ta narke. Ana matsa shi ta allura mai lamba 16 ya koma siffarsa a ciki.

Dakta Rabi ta rubuta:

Bayanin Malam Sale ya gamsar, amma ni da za a bi shawarata, ba da soso ɗaliba za ta fara ba. Abu huɗu ne a cikinsa, kowanne da saurin fitarsa, in ya ƙi aiki ba ki san wanda za ki tuhuma ba. Ga GM-CSF furotin ne mai tsada mai saurin lalacewa.

Hanyar kaluluwa maganar girma ce. Ƙungiyar Melody Swartz da Jeffrey Hubbell a Lausanne ta nuna a 2007 cewa ɓarɓashi mai nanomita 25 da aka yi allurarsa cikin fata yana shiga hanyoyin limf cikin sauƙi, mai nanomita 100 kuwa wajen kashi ɗaya cikin goma na wancan yake iya yi. Abin da ya kai nanomita 500 zuwa sama ba ya gusawa, sai ƙwayoyin dendiritik na fata sun zo sun ɗauke shi. In kuma abu ya yi ƙanƙanta da yawa, ƙasa da kilodalton 20 ko kusa da haka, jini yake faɗawa. CpG tsura nauyinsa bai wuce kilodalton 6 zuwa 7 ba, shi ya sa yake bazuwa ko'ina, ya kumbura saifa, kaluluwar da ake nufi kuma ta sami ɗan kaɗan. Caji ma yana da tasiri. Ɓarɓashi mai cajin fosetib yana manne wa zaruruwan da ke tsakanin ƙwayoyi, don su cajinsu negetib ne, sai ya tsaya nan inda aka tsira shi.

Ƙanwata, kusan kowa da folimar PLGA, wadda Malam Sale ya kira PLG, yake farawa saboda samuwarta, to ki san halinta. In kika bi hanyar ruwa cikin mai cikin ruwa, wato antijin a ruwa, folima a dayikuloromitan, sannan a juye cikin ruwan PVA kashi 1 zuwa 2, abin da za ki samu yawanci nanomita 150 ne zuwa sama. Kada ki kira shi mai gangarawa kaluluwa, ajiya ce ƙarama. Furotin yana warwarewa a inda ruwa ya haɗu da dayikuloromitan, zafin na'urar girgiza da sauti kuma yana ƙara lalata shi, don haka a kan ƙanƙara ake yi, a ɗan kunna a kashe. Abin da ya manne a bayan ƙwallayen yana zubewa a ranar farko gaba ɗaya. Wanda ke ciki kuma yana zaune cikin tsami, domin folimar tana narkewa ne ta zama laktik asid da gilaikolik asid, an auna pH ƙasa da 3 a cikin irin waɗannan ƙwallaye. Ana rage wannan da ɗan magniziyam haidiroksaid a cikin haɗin. Feftayid ya fi cikakken furotin jure wannan wahala.

Wajen busarwa da sanyi, ki zuba tirihalos ko sukuros kashi 5 zuwa 10, in ba haka ba ƙwallayen za su cure su ƙi warwarewa. Ajiya ma abin lura ce. PLGA tana fara laushi tsakanin digiri 40 da 55, danshi kuma yana sauko da wannan awon ƙasa. A garin da zafin Afrilu ke wuce digiri 40, kamar Sakkwato ko Maiduguri, garin ƙwallayen da aka bari a kan tebur zai iya mannewa, saurin fitar maganin ya canza ba tare da ido ya gani ba. Firiji da abin tsotse danshi a cikin kwalba.

Abin da na fi so ga mai farawa shi ne dabarar Darrell Irvine ta MIT ta 2014, wadda ba ta buƙatar ɓarɓashi ma. Ana ɗaura wa feftayid jelar kitse ta DSPE ta hanyar PEG. Da an yi allura sai jelar ta kama albumin da ke ruwan jiki, shi kuwa albumin nauyinsa wajen kilodalton 66 ne, hanyarsa ta dole ita ce limf, sai ya kai kayan kaluluwa. Haɗin sauƙi ne: DSPE-PEG2000 mai malimayid a baki, da feftayid mai sistin a ƙarshensa. In PEG ɗin ya yi gajarta, jelar kitsen sai ta nutse cikin fatar ƙwayoyin wurin allurar ta ƙi tafiya. A ɓeraye an ga tashin ƙwayoyin T har ninki 30 a kan feftayid tsura.

Ko wace hanya kika bi, ki ji tsoron endotoksin, gubar da ke jikin bakteriya. Shi ne ke sa soso ko ɓarɓashi fanko ya yi kamar yana tayar da garkuwa, alhali dauɗa ce ke taɓa TLR4. Aljinet na kasuwa yana ɗauke da shi, haka obalbumin na gama-gari, furotin ƙwai da ake gwaji da shi a matsayin antijin. Tacewa da matatar maikiromita 0.22 ba ta cire shi, dafawa a otokilef a digiri 121 ba ta kashe shi. Kayan gilashi sai busasshen zafi na digiri 250 na minti 30. Ki gwada da LAL, gwajin gano endotoksin, kuma ki zuba endotoksin da kika san awonsa a samfurin ki ga ko zai dawo tsakanin kashi 50 da 200, don ɓarɓashin kansa yakan rikita gwajin.

Uwani ta rubuta:

Allah ya saka da alheri, Malam da Dakta. Yanzu na ga bambancin. Saura biyu. Wane CpG zan saya, tunda na ga suna da lambobi daban-daban? Kuma in na yi amfani da melanoma B16 mai obalbumin ya wadatar, tunda kayan auna SIINFEKL, feftayid ɗin obalbumin, sun fi sauƙin samu?

Dakta Iliya ya rubuta:

Malama Uwani, CpG na ɓera shi ne 1826, na mutum 2006, wanda ake kira 7909 a gwajin asibiti. Amma bambancin ya wuce lamba. A ɓera ƙwayoyin dendiritik iri-iri suna da TLR9. A mutum galibi ƙwayoyin B ne da dendiritik na filasmasaitoyid ke da shi. Waɗanda suka ƙware wajen tayar da CD8, masu alamar CD141, TLR3 suka fi ji. Saboda haka abin da CpG ya yi a ɓera ba lalle ya yi kwatankwacinsa a mutum ba, kuma yana da kyau ki sa rukuni ɗaya da poli-IC, mai taɓa TLR3, don kwatanci.

Ina so in ɗan ja hankalinmu zuwa marasa lafiya, don su ake yi wa aikin. A babban gwajin 2010 na ipilimumab, maganin da ke kwance wa ƙwayoyin T dabaibayi, mutum 676 masu melanoma, waɗanda aka ba maganin tare da gp100 cikin Montanide tsaka-tsakin rayuwarsu wata 10.0 ne, waɗanda aka ba maganin shi kaɗai wata 10.1. Rigakafin bai ƙara komai ba. Wannan ya yi daidai da abin da Malam Sale ya kawo na ɓeraye.

Soson PLG ya shiga gwajin mataki na farko a Dana-Farber da ke Boston a 2013 da sunan WDVAX, kamfanin Novartis kuma ya karɓi lasisin fasahar a 2018. Matsalarsa a asibiti ita ce sai an yanko ƙullutun majiyyaci an sarrafa, a dasa faifai ta tiyata. Dabarar albumin kuwa ta zama ELI-002, mai kai hari ga furotin KRAS da ya gurɓata. A sakamakon da aka wallafa a 2024, mutum 21 cikin 25 masu sankarar fankiriyas ko ta hanji sun sami ƙwayoyin T masu gane shi. Wannan amsar garkuwa ce a gwaji ƙarami da ba shi da rukunin kwatanci, ba hujjar warkewa ba ce.

Wanda ya fi nisa a mutane shi ne mRNA cikin kitse, kuma shi ma kayan ɗauka ne ke yanke inda saƙon zai sauka. A 2016 BioNTech ta nuna cewa in aka haɗa RNA da kitsen DOTMA da DOPE aka yi allura a jijiya, haɗin da cajinsa ya karkata fosetib huhu yake zuwa, wanda ya ɗan karkata negetib kuma saifa yake zuwa, inda ƙwayoyin dendiritik suke jibge. Kitsen bai canza ba, kason kawai aka juya. Da wannan aka yi wa mutum 16 masu sankarar fankiriyas rigakafi bayan tiyata a Memorial Sloan Kettering ƙarƙashin Vinod Balachandran, kowa da nasa antijin har 20, kuma 8 suka amsa. Na Moderna da Merck a tsoka ake yi, antijin har 34, miligiram 1 duk mako uku har sau 9. A gwajin KEYNOTE-942 mai mutum 157, haɗa shi da pembrolizumab, shi ma mai kwance wa ƙwayoyin T dabaibayi, ya rage haɗarin dawowar melanoma ko mutuwa da kashi 44 cikin 100 in aka kwatanta da pembrolizumab shi kaɗai.

Ki dubi yadda aka tsara gwaje-gwaje uku na ƙarshe: an cire ƙullutun tukuna, kuma biyun ƙarshe an haɗa su da maganin da ke kwance wa ƙwayoyin T dabaibayi. Babban ƙullutu yana da hanyoyin kashe kaifin ƙwayar T da yawa, yakan ma jefar da MHC ɗinsa don kada a gane shi. Babu kayan ɗaukar da zai gyara wannan shi kaɗai.

Malam Sale ya rubuta:

Na yarda da Dakta Rabi cewa dabarar albumin ta fi sauƙin farawa. Inda nake ganin soso ya fi shi ne idan ba a san antijin ba, sai ruwan ƙwayoyin ciwon gaba ɗaya, wanda ba a iya ɗaura masa jelar kitse ɗaya bayan ɗaya.

Batun obalbumin, ki yi amfani da shi don daidaita haɗinki, amma kada ki tsaya nan. Furotin ƙwan kaza ne, baƙo ne a jikin ɓera, garkuwa ba ta taɓa koyon ƙyale shi ba, kusan komai zai yi aiki a kansa. Gwajin gaske shi ne B16-F10 da Trp2 ko gp100, ko TC-1 da E7, a ɓeraye C57BL/6. Kuma ki dasa ciwon tukuna, ƙwayoyi 100,000 na B16-F10 a ƙarƙashin fata, ki bari ya kama sannan ki yi rigakafin. Soson da ya ceci kashi 90 a matsayin kariya, da aka gwada shi a ciwon da ya riga ya kafu kusan rabi ya ceta, shi ma sai da aka dasa sau biyu.

Rukunan da ba za ki tsallake ba: kayan ɗauka fanko, kayan ɗauka da antijin babu mai zaburarwa, cikakken haɗi, sai kuma antijin da mai zaburarwa a awo iri ɗaya cikin ruwan gishiri kawai. Wannan na ƙarshe shi ne ke nuna ko kayan ɗaukar ya yi wani abu, kuma shi aka fi mantawa. Ki yi allura a gindin wutsiya, maikirolita 50 zuwa 100, ki ciro kaluluwar matsematsi. A rana ta 3 da ta 7 ki duba CD11c, MHC na biyu, CD86 da CCR7, da antijin da kika sa wa launi mai haske don ki san waɗanne ƙwayoyi ne suka ɗauko shi. Daga rana ta 7 zuwa ta 14 ki ƙirga ƙwayoyin T masu gane antijin ɗin da sinadarin tetirama a wuri uku: kaluluwa, cikin ƙullutun, da wurin allurar kansa. In na wurin allurar suka fi na ƙullutun yawa kuma suna ɗauke da PD-1, alamar galabaita, sosai, kin sake gina tarkon Montanide ne da wani abu daban, sai ki rage antijin ko ki zaɓi folima mai saurin narkewa, kamar PLGA mai kason 50 da 50.

Girman ƙullutu tsawo ne sau faɗi sau faɗi a raba biyu, a auna duk kwana biyu, kuma mai aunawar kada ya san rukunin da yake aunawa. Ki rubuta girman da za a dakatar da ɓera a takardar kwamitin kula da dabbobi tun kafin ki fara. Waɗanda ciwon ya ɓace musu, ki sake dasa musu ƙwayoyin a ɗaya gefen bayan wata biyu tare da sababbin ɓeraye sa'anninsu, don ki ga ko garkuwar ta riƙe.